Katsina, Jibiya, Maraɗi: Hanyar Lambuna Da Tsofaffin Birane Da Ta Koma Ta Shingaye

A watan Mayun 1824 Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya yada zango a Katsina kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abin da ya rubuta game da birnin har da 'ya'yan itatuwan da ya tarar, irin su ɓaure da rumman da lemun tsami. Sai kuma ya ƙara da wani batu da zai ba Bakatsinen yau mamaki. An gaya masa cewa a da inabi ya wadata a Katsina, amma an sassare itatuwan lokacin yaƙin jihadi. Labari ne aka ba shi, bai ga gonakin da idonsa ba, sai dai ko a hakan ya nuna cewa mutanen birnin na wancan zamani sun san inabi a matsayin abin da ƙasarsu ke fitarwa.

Yau idan ka ga inabi a kan teburin mai sayar da kayan marmari a Katsina ko Jibiya, galibi daga Afirka ta Kudu ko Masar ya fito, cikin 'yar robar da aka rufe, da tsadar da sai mai jinya ko mai azumi ke daurewa ya saya. Wanda ake nomawa a gida yana fitowa ne daga Kudan, kusa da Zariya, inda manoma suka kafa rumfunan inabi suka nuna cewa itacen na karɓar ƙasar Hausa muddin ya sami ruwan rani da mai kula da shi. Inabi yana son zafi marar laima, yana son a datse shi a kan kari, ruwan damina mai yawa ne ke jawo masa cuta. Duk wanda ya san yanayin Jibiya daga Nuwamba zuwa Afrilu ya san abin da hakan ke nufi.

Amma ba noman inabi kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hanyar da ta tashi daga Katsina, ta ratsa Jibiya, ta tsallaka iyaka a Magama ta dire Maraɗi. Tafiya ce da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma a cikinta akwai gulbi, da madatsar ruwa, da fadamu, da tafki, da fadoji uku masu tarihi, da kaburburan waliyyai, da kasuwannin da suka girmi ƙasashen biyu. A wasu sassan duniya, abin da bai kai wannan ba ake ɗaura wa suna, a kafa masa alluna, baƙi su riƙa tururuwa. Mu kuwa da an ce Jibiya, abin da ke faɗo wa mutum shi ne kwastan, da fasa-ƙwauri, da 'yan bindiga.

Yadda wasu suka yi da tasu

A gabashin Faransa, dab da kogin da ya raba ta da Jamus, akwai yankin Alsas. Ƙasa ce ta bakin iyaka wadda ta sha wuya fiye da yadda mai ziyara zai zata. Jamus ta karɓe ta a 1871, Faransa ta maido da ita a 1918, Jamus ta sake mamaye ta a 1940, aka ƙwato ta a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A faɗan da aka gwabza kewayen birnin Colmar a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙauyuka irin su Bennwihr da Mittelwihr da Ammerschwihr sun zama kufai. Shekara takwas bayan haka, a 1953, mutanen yankin suka buɗe wata hanyar yawon buɗe ido mai tsawon kusan kilomita 170, daga Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu, wadda ta bi ta cikin gonakin inabi da ƙananan garuruwa masu ganuwa da tsofaffin gidajen katako, irin su Riquewihr da Eguisheim.

Ba sabuwar kwalta suka shimfiɗa ba. Hanyoyin ƙauye ne da suke nan tun da can, aka haɗa su da suna ɗaya da alama ɗaya. Manomi ya buɗe ƙofar gonarsa, baƙo ya shiga ya ga yadda ake datse itace da yadda ake tsinke nunannen, ya ci abincin garin, ya kwana a ɗakin da mai gida ya ware, da safe ya zarce gari na gaba. Kuɗin da baƙon ya kashe ba a babban birni ya tsaya ba, ya shiga aljihun mai gona da mai tuya da mai gyaran tsohon gini. Tsohon gini kuwa da ya zama abin da ke kawo kuɗi, ba wanda ya ƙara tunanin rushe shi.

Abin da suke matsawa daga inabin nasu giya ce, mu kuma addininmu ya haramta mana ita, babu ja a nan. Ba kuwa sai da giya ake cin moriyar inabi ba. Turkiyya da Iran da Masar na nomansa jibgi domin ci da yin zabibi, alhazanmu kuma sun san inabin Ɗa'ifa. Abin ɗauka daga Alsas shi ne dabarar: gona da tarihi da hanya, a ɗaure su wuri guda. Akwai kuma darasin iyaka. Mutanen da suka yi ta kashe juna a bakin kogin nan, tun 2017 jirgin ƙasa na cikin gari ke ɗaukar fasinja daga Strasbourg ta Faransa ya tsallaka gada ya sauke su a Kehl ta Jamus. Su harshe biyu ne da tarihin gaba. Mutumin Jibiya da na Ɗan Isa da ke ƙetaren iyaka harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, kakanninsu ɗaya.

A fara daga Gobarau

Mai son bin wannan hanya daga Katsina zai fara, kuma rana guda ba ta isarsa. Hasumiyar Gobarau na tsaye a tsakiyar gari, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, ragowar babban masallacin da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau da sarakunan da suka biyo shi, lokacin da Katsina ke karɓar malamai da fatake daga Timbuktu da Agadas da Gadamas. An gyara ta a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ga kabarin Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17 da har gobe ake ziyarta. Ga Ƙofar Soro da gidan Korau. Ga Ƙofar 'Yanɗaka, wadda Gwamna Lugga ya shigo ta cikinta a 1903. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce.

Ganuwar birnin ita ce abin kuka. A wurare da dama an cinye ta, an yi gini a kanta, an kwashe ƙasarta an buga tubali. Ƙofofin da aka sabunta da siminti suna da kyan gani, amma ƙofa ba tare da ganuwa ba ta rasa rabin labarinta. Duk da haka abin da ya rage ya isa a nuna wa yaro ɗan makaranta, ya isa a nuna wa baƙo.

Daga nan sai a miƙi titin Jibiya, tafiyar kusan kilomita 45. Idan da hanyar a sake take, ba ta wuce minti arba'in. Direbobin da ke bin ta kullum sun daɗe suna kokawa da yawan shingaye, kowane da nasa kaki da nasa dalili, kuma kukan ya sha fitowa a jaridu da gidajen rediyo. Wannan tsaye-tsaye shi ne abu na farko da baƙo ke gani, shi ne kuma ke ƙara wa buhun gero da kwandon tumatir kuɗi kafin su isa kasuwa.

Ruwan da ke kwance a Jibiya

Jibiya gari ne na gulbi. Kogin Gada, wanda ke tasowa daga cikin ƙasar Katsina, ta nan yake bi ya shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi. Can ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce ta gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya karyo kwana ya komo Najeriya ya zuba a Gulbin Rima cikin jihar Sakkwato. Duk garuruwan da ke kan wannan hanya, ban da Katsina, a bakin wannan ruwa ɗaya suke zaune.

A kan kogin ne aka gina madatsar ruwan Jibiya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Bangon ƙasa ne mai tsawon fiye da kilomita uku da rabi, an shimfiɗa masa wata irin leda mai kauri domin kada ruwa ya tsiyaye ta cikin yashi, kuma yana iya riƙe ruwa kimanin kyubik mita miliyan 142. An tsara shi ne ya shayar da hekta 3,500 na noman rani, ya kuma ba garin ruwan sha. Wanda ya hau bangon da yamma ya dubi faɗin ruwan, da masunta cikin kwale-kwale, da garken shanu a gaɓa, zai yi mamakin yadda wuri irin wannan ba ya cikin bakin masu maganar yawon buɗe ido a jihar.

Matsalar aikin tana cikin tsarinsa tun farko. Ɗan yanki kaɗan ne ruwa ke gangarowa da kansa ya shiga gonaki. Mafi yawan filin sai an tura masa ruwa da manyan injuna zuwa tudu, daga can ya bi magudanai ya sauko. Inji kuwa yana shan gas ko wutar lantarki, yana son gyara, yana son kayan sauyi. Duk shekarar da aka rasa mai biyan wannan kuɗi, magudanan sai su bushe, yashi ya cike su, manomi ya koma ga ɗan injinsa da rijiyar burtsatse a bakin gulbi, ko ya tafi ci-rani. Shi ya sa tsawon shekaru filin da ake nomawa bai kusanci abin da aka tsara ba. Ruwa na kwance, ƙasa na kwance, matasa na sayar da fetur a galan a bakin titi.

Inda ruwan ya kai kuwa, sai ka ga ikon Allah. Alkama a lokacin sanyi, masara, albasa, tumatir, tattasai da attaruhu, wake, gyaɗar rani, kabeji da latas, ga mangwaro da gwaiba a gefen fadama. Manomin Jibiya ba ya buƙatar a koya masa ban-ruwa, gadonsa ne. Abin da yake nema shi ne tabbacin cewa ruwan da aka sako masa a Disamba ba zai yanke a Fabrairu ba, lokacin da alkama ke fitar da kai. A ganina nan ne ya kamata a gwada inabi da gaske, ba a bakin taro ba. A ware 'yan hektoci kusa da ruwa, a ɗauko masu sani daga Kudan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a kafa rumfuna, a ga irin da zai karɓi ƙasar. Itace ne mai cin jari a farko, ga ginshiƙai ga waya ga jiran shekara ɗaya ko biyu, don haka ƙaramin manomi ba zai iya shi kaɗai ba. Amma kadada guda ta inabi tana ɗaukar hannaye da yawa, daga mai datsa zuwa mai tsinka zuwa mai jerawa a kwali, kuma kasuwarsa na nan a Kano da Abuja da Maraɗi, musamman da azumi. Batun injuna kuma, rana ce abin da Jibiya ta fi kowa wadata da shi, tura ruwa da hasken rana ya daina zama labari a ƙasar Hausa.

Gulbin da ke ciyarwa yana kuma kashewa. A daren 15 ga Yulin 2018 aka tafka ruwan da ya cika rafuka ya afka wa unguwannin garin, mutum fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Wasu gawarwakin a cikin ƙasar Nijar aka tsinto su. Allah ya jiƙansu. Can ƙetare kuma manoman fadamar Maraɗi sun daɗe suna cewa tun da aka datse kogin ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa ta ragu. Ƙasashen biyu sun sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, wannan gulbi na ciki, kuma akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai. Takardun suna nan, aiki da su ne ke tafiyar hawainiya.

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci. Hatsi, dabbobi, aya da dabino da kanwa daga arewa, kayan masarufi da robobi da atamfa daga kudu, 'yan canji na juya naira da sefa a tafin hannu. Ko ba a ƙara komai ba, wannan kasuwa kaɗai abin kallo ce ga wanda bai taɓa ganin yadda ƙasashe biyu ke cin abinci a akushi ɗaya ba.

Ƙetaren Magama

Layin da ya raba Magama da Ɗan Isa ba a ƙasar Hausa aka zana shi ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kansa, daga yarjejeniyar 1890 zuwa ta 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa turaku. Faransa na neman hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, shi ya sa aka yi ta matsa layin kudu. Ba wanda ya tambayi mai gonar da turken ya faɗo a tsakiyarta.

Sai dai gaskiya ita ce, rabuwar Katsina da Maraɗi ta riga Turawa. Bayan da mujahidai ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka fice arewa. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama. Ɗan Kasawa ya jagoranci sauran zuwa Damagaram, daga baya suka komo suka kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shafe kusan ƙarni guda ana kai wa juna hari tsakanin Katsinar Fulani da Katsinar Maraɗi, sunan Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore har yau yana cikin labaran tsofaffi. Dajin da ke tsakanin biranen biyu, inda ƙasar Jibiya take, fagen wannan kai-komo ne. Har yanzu mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma a fadarsa za ka ji sarautu irin su Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka da Galadima, waɗanda kunnen Bakatsine ya saba da su. Wanda ya ga fadar Katsina bai ga ta Maraɗi ba, rabin tarihin ya gani. Yaranmu na karanta jihadi a aji daga gefe ɗaya, yaran Maraɗi na jin sa daga ɗaya gefen, ga shi kuwa tsakaninsu tafiyar awa biyu ce.

Kafin a shiga Maraɗi akwai Madarunfa da tafkinta, wanda ke cika da damina ya janye da rani, ya bar wa masu lambu danshi, tsuntsaye masu ƙaura kuma na sauka a kansa. Kewayen tafkin akwai kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne, masu ziyara na zuwa daga Nijar da Najeriya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Mu a namu ɓangaren, me muka gabatar daga ƙasar Katsina?

Gaba kaɗan sai Jiratawa, inda aka kafa aikin noman rani a farkon shekarun 1980. Filin bai kai na Jibiya girma ba ko kusa, ruwansa ma daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, amma ya yi suna da zogale, wanda ake tsinka a shanya a cika buhuna a kai har Yamai. Manoman a ƙungiyoyi suke, su ke tara kuɗin wuta da na gyara. Suna da nasu matsalolin, bashin lantarki ba ya ƙarewa, duk da haka manomin Jibiya zai ƙaru idan ya je ya ga yadda suke rabon ruwa, su ma za su ƙaru da ganin nasa.

Maraɗin da ake gani yau a kan tudu sabuwa ce. Tsohon garin a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tayar da mutane zuwa sama, shi ya sa titunanta suke a miƙe kamar an ja su da igiya. Gyaɗa ce ta fara ɗaga garin, sannan fataucin alhazai da Kano da Katsina ya mayar da shi cibiyar kasuwancin Nijar. Babbar kasuwa na ci Litinin da Juma'a. Akwai filin kokawa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975. Akwai jar akuyar Maraɗi, 'yar uwar ta Sakkwato, wadda fatarta ta bi ayarin raƙuma ta ƙetare Sahara tun ƙarnoni, Turawa suka riƙa saye suna kiranta fatar Maroko. A 'yan shekarun nan Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista da sunan wurin da suka fito, irin yadda manoman Turai ke kare sunan yankinsu a kan abin da suka noma, don kada wani ya ci da guminsu. Wannan ma abin koyi ne gare mu.

Tafiyar takan ƙare a Tsibiri, 'yan kilomitoci arewa maso yamma da Maraɗi, mazaunin Sarkin Gobir. An kafa garin ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda, Sarki Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya sake musu gida a bakin gulbi.

Abin da ya tare hanya

Duk wanda ke zaune a yankin zai ce, malam, wane yawon buɗe ido ana fama da rai? Yana da gaskiya. Ƙaramar hukumar Jibiya na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗa a hannun 'yan bindiga. An kashe, an sace, an ƙona rumbuna, an hana noma. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya. A Maris na 2022 mutanen ƙauyen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya da ƙafa, mata da yara, aka tsugunar da su a makaranta. A ƙetare, tun 2019 dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shiga jihar Maraɗi, ƙauyukan da su ma ba su da shi suka raba ɗan abin da ke rumbu da su. Dajin Rugu da na Baban Rafi, waɗanda a da giwaye ke kai-komo tsakaninsu, sun zama wuraren da ake ambata da fargaba. Sulhun da aka ƙulla a Jibiya a farkon 2025 ya sa wasu sun koma gona, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai kuma rufe iyaka. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe ta a Agustan 2019 domin hana shigo da shinkafa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, a tsakanin nan kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da ta faɗa kan mutanen Jibiya kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa, aka yanke wa Nijar wuta, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Kowane ɗaya daga waɗannan hukunce-hukunce a Abuja ko Yamai aka yanke shi, amma mai ɗaukar amarya daga Jibiya zuwa Ɗan Isa da mai kai gawa daga Maraɗi zuwa Katsina su ne suka biya. Ba a kuma daina tsallakawa ba, an dai koma bin barauniyar hanya a kan babur, kuɗin ya tafi aljihun da bai kamata ba.

Ban yarda cewa sai komai ya lafa sannan za a fara tunani ba. Mutanen Alsas ba su gama kwashe ɓaraguzai ba suka buɗe hanyarsu. Kuma baƙon da nake nufi ba Bature mai kyamara ba ne. Ɗaliban tarihi ne na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da 'yan sakandare, da ƙungiyoyin manoma, da iyalin Kano da ke neman inda za su kai yara bayan salla, da Katsinawan Legas da Abuja da 'ya'yansu ba su taɓa ganin Gobarau ba. Waɗannan ba sa buƙatar otal mai hawa goma. Masauki mai tsabta suke so, da abinci, da wanda ya san tarihi zai yi musu bayani, da hanyar da ba za a tsayar da su kowane kilomita ba.

Kafin jirgi ya iso

A ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. An yi ta cece-kuce a kudancin Najeriya cewa an kai dukiyar ƙasa waje, alhali ɗan guntu ne kawai na layin ke cikin Nijar, kuma hanyar fatauci ce da ta girmi Legas a matsayin babban birni. Idan aka gama, mutum zai iya karya kumallo a Kano, ya ga rijiyar Kusugu a Daura, ya kwana Katsina, washegari ya sauka Jibiya.

Tambayar ita ce me zai sauka ya gani. Tasha ba ta tsayar da fasinja, abin da ke bayan tashar ne ke tsayar da shi. In ba a yi komai ba, jirgin zai riƙa wucewa da kwantena ta gefen magudanan da yashi ya cike, Jibiya ta tashi daga garin shingen mota ta koma garin shingen jirgi.

Don haka kirana ga gwamnatin jihar Katsina da Hukumar Kogunan Sakkwato da Rima shi ne su tayar da injunan madatsar Jibiya su tabbatar ruwa ya kai ƙarshen magudanai kowane rani, su ware fili a gwada inabi da sauran itatuwan marmari. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar ta zauna da takwarorinta na Maraɗi a rubuta tarihin wannan hanya da Hausa, a kafa alluna daga Gobarau har Tsibiri. Masarautun Katsina da Maraɗi da Gobir, waɗanda ba su daina gaisawa ba ko lokacin da gwamnatoci suka daina, su ja gaba. Hukumomin tsaro kuma su rage shingayen da ke kan kwalta, su kai ma'aikatan inda manomi ke tsoron zuwa gonarsa.